Kafso Ɗaya Kafin Shayi

Litinin, 3 ga wata, 7:20 na safe

Na ba shi kafsonsa da ruwa rabin kofi, kamar kullum. Ya haɗiye, ya miƙo mini kofin, ya ce, "An gode, Sufeto." Shekararmu arba'in da ɗaya da aure, bai taɓa kirana da wani suna ba, wai don ina binciken komai kamar mai duba makarantu. Ni kuwa Injiniya nake ce masa, duk da iyakar injiniyancin nasa gyaran keken ɗinki ne a ɗan shagon da ke jikin gidanmu.

Wannan littafin ragowar na tsara darasi ne, tun kafin in yi ritaya daga koyarwa. Na ɗauko shi ne saboda likitar da muka gani makon jiya ta ce in riƙa lura da shi ina rubutawa, mu koma ranar 19. To ga abin da na lura jiya: ya ajiye sukudirebarsa a cikin firij, kusa da tumatir. Da na nuna masa sai ya ce ai zafi ta ji. Na yi dariya, shi ma ya yi, amma ya daɗe a tsaye yana kallon firij ɗin.

Talata, 4 ga wata, 4:00 na yamma

Telar bayan layi ta kawo kekenta, yana tsinka zare. Ko minti goma bai yi ba ya gano ƙoshiyar ce ta goce. Ya gyara, ya ɗiga mai, ya taka, keken ya riƙa tafiya sumul. Hannun nan nasa bai manta komai ba.

Sau uku ya tambaye ta keken na wane ne. A na ukun ta kalle ni, ni kuma na kalli bango.

Alhamis, 6 ga wata, 1:15 na rana

Yau lafiya lau. Babu abin rubutawa, kuma na ji daɗin hakan.

Asabar, 8 ga wata, 5:40 na yamma

Auta ta zo, 'yarmu ta ƙarshe, ita kaɗai ce a kusa, sauran duk aiki ya yi nisa da su. Tana gyara mini kabad ɗin kicin, wanda ban sa ta ba, sai ta ciro kwalayen kafso guda shida da nake ajiyewa a bayan gwangwanin sukari.

Ta ce, "Mama, wannan fa na mene ne?"

Na ce maganin ƙwannafin babanta ne, mai rage tsamin ciki.

"Tun yaushe yake sha?"

Na ce ya ɗan jima.

Ta zauna a kan kujerar roba, ta yi ta latsa wayarta. Can ta ce ta taɓa karanta wani abu, wai ana zargin tsofaffin da suka daɗe suna shan irin wannan magani sun fi kamuwa da cutar mantuwa. Na rubuta sunan cutar yanzu sau ɗaya, ba zan sake ba.

Ta ce, "Kin faɗa wa likita yana sha?"

Na ce ke dai ki mayar mini da sukarina inda kika gan shi. Gaskiyar magana ban faɗa ba. Da likitar ta tambayi magungunan da yake sha, na hawan jini kawai na ambata, kuma ba ɓoyewa na yi ba. A gidan nan kafso ba magani ba ne, kamar cokalin shayi yake, abin da ake ɗaukowa da safe ne kawai.

Lahadi, 9 ga wata, 10:30 na safe

Na buɗe akwatin takardu. Ni ba na yar da takarda, shi ya sa na ci sunana. Tsohon katin asibitinsa yana nan, tsakanin takardar haihuwar Auta da garantin fankar da ta mutu tuntuni. Rubutun likitan wancan lokacin kamar tafiyar kaza, amma wannan layin ya fito raɗau: kafso ɗaya kullum da safe, sati takwas. A ƙasa kuma: ya rage yaji, ya daina kwanciya da zarar ya ci abinci.

Sati takwas. Bana shekara goma sha biyu ke nan.

Na tuna yadda aka yi. Sati biyu na yi ina dafa masa abinci babu barkono. Yana ci yana kallona kamar wanda aka yi wa fashi. Rannan ya ajiye cokali ya ce, "Sufeto, ko fursuna ana yi masa afuwa." Ni ma abin yana cina a rai, don ni macen da ake yabon girkinta ce, kuma miya babu yaji ai wanka ne babu sabulu. Sai muka ƙulla yarjejeniya a kan wannan teburin: shi zai sha kafso kullum ba musu, ni kuma in mayar masa da barkononsa. Har hannu muka yi kamar shugabannin ƙasa. Da sati takwas suka cika ba mu koma asibiti ba, tunda ƙwannafi ya tafi. Mai kyamis yana ba ni, ni ina ba shi.

Ko rana ɗaya ban taɓa tsallakewa ba. Har alfahari nake yi da hakan a gaban mata.

Litinin, 10 ga wata, 7:25 na safe

Ban ba shi ba.

Ya zauna a gefen gado ya buɗe tafin hannunsa a kan gwiwa yana jira. Na kawo shayi, na ce maganin ya ƙare. Ya ce, "A gidan Sufeto abu ya ƙare? Lallai duniya ta zo ƙarshe." Ya sha shayinsa da hannu ɗaya, ɗayan yana nan a buɗe, ya manta bai rufe ba.

Kwalayen suna cikin tsohuwar jakata ta makaranta, a saman wadrob.

Laraba, 12 ga wata, 2:00 na rana

Na cire barkono daga girki gaba ɗaya. Ya ɗanɗana shinkafar, ya tambaye ni ko wani ne ya rasu a gidan. Mutumin da bai san yau wace rana ba, amma harshensa garau yake.

Na yi ta kallonsa ko zan ga wani canji, ko hankalinsa zai fara dawowa. Kwana uku kacal. Na san wauta ce, amma ina kallo.

Juma'a, 14 ga wata, 11:50 na safe

Tun jiya ba ya iya cin komai. Yana dafe ƙirji, yana gyatsa mai tsami, ya ce kamar an zuba masa garwashi. Da safen nan ya yi amai. Abin da ya fi ƙona mini rai, bai san me ke damunsa ba, sai ya riƙa kallona yana cewa, "Me na ci ne?"

Na je kyamis ɗin bakin titi. Mai kyamis ɗin nan tun yana saurayi nake sayen magani a wurinsa, yanzu har furfura ta fara masa. Na faɗa masa abin da na yi. Ya dafe kai ya ce, "Haba Mama, ai ba a yanke shi lokaci ɗaya. Cikin da ya fi shekara goma yana samu, kina tsayarwa tsamin zai dawo ninki biyu. Ki mayar masa yau, sauran ki bar wa likita."

Na ce to kai da ka sani, shekara goma sha biyu kana miƙo mini, ka taɓa tambayata takarda?

Ya shiga gyara kwalaben da babu abin da ya same su. Na san ban kyauta masa ba. Neman wanda zan raba kayan da shi nake yi.

Garin neman gira na kusa rasa ido. Na dawo gida na hau kujera na sauko da jakar.

Asabar, 15 ga wata, 7:15 na safe

Na ba shi. Ya haɗiye, ya miƙo mini kofin. Ya ce, "An gode, Sufeto."

In na ba shi ina tsoro, in na hana shi ina tsoro.

Asabar, 6:10 na yamma

Auta ta kira, ta tambaya ko na tuna shekarar da ya fara sha. Na ce ina dai tunani. Katin yana cikin aljihun rigata a lokacin.

Litinin, 17 ga wata, 6:45 na yamma

Ba zan rubuta abin da ya faru yau ba. An dai same shi. Mai wankin mota na kusa da gada ne ya gane shi, ya riƙo hannunsa har ƙofar gida, Allah ya saka masa. Awa uku muna nemansa. Takalmin ƙafar hagu babu.

Na zuba ruwan ɗumi a roba na wanke masa ƙafafu. Akwai ƙaya biyu a diddige, na cire da allurar keke. Ya ce wai ya je kai wa wata mata kekenta ne. Matar ta fi shekara goma da tashi daga unguwar nan.

Yana kallon tsakiyar kaina ina durƙushe, sai ya ce, "Yaushe kika yi furfura haka ba ki faɗa mini ba?" Na ce ai kai ka sa mini ita. Ya ce to ta yi miki kyau.

Ina son mutumin nan. Ban san ko na taɓa rubuta haka a takarda ba.

Laraba, 19 ga wata, 3:30 na yamma

Mun je asibiti, ni da shi da Auta. Aka fita da shi gwajin jini, sai na ciro katin na ajiye a gaban likita, a gaban Auta. Na faɗi komai, har yarjejeniyar barkono, har kwana biyar ɗin da na hana shi. Auta ba ta kalle ni ba, katin take kallo.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ɗaliban da na koyar ba, amma tana da natsuwa. Ta karanta, ta juya katin, ta ce ba ni ce ta farko ba, kuma ba ni ce ta ƙarshe ba.

Na ce, "Likita, ba lallashi na zo nema ba. Ni na jawo masa ko ba ni ba?"

Ta ce, "Mama, da na sani da na faɗa miki. Wasu masu bincike sun ga kamar akwai alaƙa tsakanin daɗewa ana shan maganin da wannan ciwo, wasu sun duba ba su ga komai ba. Kuma ko an ga abu biyu suna tafiya tare, ba shi ke nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Baba ya haura saba'in, yana da hawan jini. Akwai masu irin ciwonsa da ba su taɓa ganin kafson nan ba."

Na ce wato ba za ki ce e ba, ba za ki ce a'a ba.

Ta ce haka ne. Amma akwai abu ɗaya da za a iya aunawa. Daɗewa a kan maganin yana iya hana jiki samun wani sinadari, bitamin B12, kuma ƙarancinsa yana rikita tunani. In an samu ya yi ƙasa, wannan kam yana da gyara. Kafson kuma za a janye shi a hankali, kwana ɗaya a sha, kwana ɗaya a huta, ta rubuta mini jadawali. Ta ce kada in sake yanke hukunci ni kaɗai.

Shekara talatin ina riƙe da jan biro, amsa ko daidai ce ko kuskure. Yau an miƙo mini takardata babu maki.

Alhamis, 20 ga wata, 9:00 na safe

Jiya a mota Auta titi kawai take kallo har gida. Babanta ne kawai yake ta surutu, yana karanta allunan shaguna.

Yau da sassafe sai ga ta, kafin ta wuce aiki. Ta same ni a kicin. Ta ce, "Ba maganin ne ya ɓata mini rai ba, Mama. Sau biyu ina tambayarki." Na ce na sani. Ta ce, "Ni ma fa ubana ne." Na ce na sani.

Sai ta ɗauki jadawalin likita ta kwafe shi da manyan baƙaƙe, ta manna a ƙofar firij. Rubutunta irin nawa ne sak, har yadda take karya wutsiyar bakwai. Da za ta fita ta dawo ta rungume ni ta baya, ina riƙe da ludayi, ban ma samu na juyo ba.

Litinin, 24 ga wata, 12:40 na rana

Sakamako ya fito. Sinadarin ya yi ƙasa sosai. An fara masa allura yau.

Na fito ina murna kamar an ce ya warke. Sai a bakin ƙofa na tsaya, don in sinadarin ya yi ƙasa, to na san abin da ya jawo. Likitar ta ga fuskata, ta ce shekaru ma kaɗai suna sa haka. Ta kuma ce kada in sa rai da yawa, allurar za ta gyara abin da yake nata ne, sauran sai yadda Allah ya yi.

Shi kuwa ya ce wa nas ɗin allurarta ta fi ta keken ɗinki kauri, ya kamata ta canza lamba.

Laraba, 26 ga wata, 7:20 na safe

Ranar hutu a jadawali. Ya buɗe hannu, na sa masa nawa a ciki. Bai tambayi komai ba.

Juma'a, 28 ga wata, 5:00 na yamma

Yau ya tashi garau. Ya san ranar, ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har ya tuna wanda ya karye a hannu bara. Ya buɗe shago ya share, ya jera kwarkwaron zare a gwangwaninsu. Ban sani ba ko allurar ce, ko rana ce kawai mai kyau. Ban tambayi kowa ba, kada a rage mini.

Da na ga hankalinsa yana tare da shi, sai na kai masa shayi shago, na zauna a kan bencin masu jira, na faɗa masa duka. Na ce sati takwas aka rubuta, ni na mai da shi shekara goma sha biyu, kuma wataƙila shi ya taɓa masa kai. Na ce ya yafe mini.

Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Ya ce, "Wa ya ci barkonon, ni ko ke?"

Na ce kai.

"Wa ya roƙa?"

Na ce kai, amma ni ce mai karatu a gidan.

Ya ce, "To mai karatu, rubuta wannan. Na ci daɗi shekara goma sha biyu, ba wanda ya ɗaure ni. In akwai laifi mu raba biyu, ki ba ni babban kason, ni ne maigida." Sai kuma ya yi ƙasa da murya ya ce, "Na san ina ɓacewa, Sufeto. Ina ji. Kada ki ƙara mini da ganinki haka."

Na yi kuka a shagon, ƙofa a buɗe, mutane suna wucewa.

Asabar, 29 ga wata, 8:00 na safe

Bai tuna mun yi maganar ba.

Talata, 1 ga sabon wata, 2:30 na rana

Na sake faɗa masa, don yafiyar da mai ita ya manta ban san ko tana nan ba. Ya saurara kamar sabon labari. Ya ce, "Wa ya ci barkonon?"

Ba zan sake ba. Na ga yadda yake wahala kafin ya haɗa zancen, kuma don kaina nake yi, ba don shi ba.

Alhamis, 3 ga wata, 1:00 na rana

Allura ta huɗu. Ƙwannafi da sauƙi, yana cin abinci da wuri, yana zama kafin ya kwanta. Na tambayi likita, ta ce ɗan barkono kaɗan ba laifi in cikin ya karɓa. Na sa rabin ɗaya. Ya ce an fara sakin fursunoni.

Lahadi, 6 ga wata, 6:20 na yamma

Bayan la'asar na leƙa shago na same shi zaune a gaban wani tsohon keke da babu mai shi. Na shiga na zauna a bencin. Ya ɗago, ya gyara zama, ya gaishe ni da ladabi irin wanda yake yi wa baƙi.

Ya ce, "Baiwar Allah, keke kika kawo?"

Wannan ne karo na farko da bai gane ni ba. Likita ta ce hakan zai iya faruwa, na kuma zaci na shirya. Ban shirya ba. Na ce a'a, wucewa nake yi, na ɗan zauna in huta.

Ya ce, "Huta abinki. Da maiɗakina tana nan da ta kawo miki shayi. Ta ɗan fita ne." Ya ci gaba da juya ƙafar keken da hannu. Can ya ce, "Kin san ta? Malamar makaranta ce. Faɗa kamar me, amma irinta ba a samu. Kin ga ni ina da ciwon ciki. Matar nan kullum da safe, kafin in sa komai a bakina, sai ta kawo mini maganina da ruwa har gado. Shekara da shekaru. Ko tana fushi da ni, ko ba ta da lafiya, ko rana ɗaya ba ta taɓa mantawa ba."

Na ce, da muryar da ban san tawa ba ce, "In kuma maganin bai dace da kai ba fa?"

Ya kalle ni kamar na faɗi abin da bai kamata baƙuwa ta faɗa ba. Ya ce, "Wannan kuma aikin likitoci ne. Ni dai na san wadda take tashi domina."

Ya leƙa ƙofa, ya duba titi hagu da dama. Ya ce ba ta saba daɗewa haka ba, amma in ba sauri nake yi ba in jira mu gaisa.

Na ce ba sauri nake yi ba. Ya matsar da gwangwanin kusoshi don in sami wurin miƙe ƙafa, muka zauna muna jiranta.